Dundumin Zuhura

Ranar da Zuhura ta kifar da tukunyar miya, rana ma ba ta gama faɗuwa ba. Uwarta Zara'u tana zaune bakin rumbu tana ɓarar wake, sai ta ga yarinyar ta fito daga ɗaki da tsohon cikinta, hannu a miƙe tana lalube, ta nufi murhu kai tsaye. Kafin a ce wani abu miya ta bi ƙasa, ƙafa kuma da kyar ta tsira daga garwashi.

"Ke! Ba ki gani?" in ji Zara'u.

"Inna, ai dare ya yi."

Dare bai yi ba. Kaji ma ba su shiga akurki ba. Zara'u ta ajiye ƙwaryar wake, domin ta san sunan wannan abu. Dundumi ne. Da rana mutum yana gani sarai, da magariba ta kawo jiki sai ido ya rufe. Wasu yakan sake su idan damina ta sauka. Wasu kuma ba ya saki. Hawwa matar Dodo da haka ta fara, tana da ciki ita ma, har farin tabo ya hau mata ido. Yanzu da sanda take zuwa ko'ina, kuma ba ta taɓa ganin fuskar ɗan da ta haifa ba.

Zuhura 'yar fari ce, ta zo goyon ciki gidan uwarta. Wanda ya san kunyar ɗan fari ya san Zara'u ba ta taɓa kama sunanta ba tun da aka yanka mata rago. Sai dai "ke", sai "waccan", sai "yarinyar nan". Ba ta rungume ta a gaban mutane, ba ta yabonta, ko ciwo take sai dai ta aika wata ta duba ta. Saboda haka a wannan maraice ma ba ta nuna damuwarta a fili ba. Ta kwashe miyar da ta rage, ta koma bayan rumbu ta yi kukanta ita kaɗai.

An gwada kwalli, an sha rubutu. Zara'u ta taka har kasuwar Urafane ta samo hantar akuya, aka gasa aka ba yarinyar, ido ya buɗe 'yan kwanaki, sannan ya sake rufewa. To wa yake da akuyar da zai yanka kullum a tsakiyar bazara?

Garin nasu, Gidan Na Allah, yana arewa da Tasawa, kuma ba garin yunwa ba ne. Akwai gero a rumbu, akwai wake. Amma tuwo ne da miyar kuka tsululu, ba mai ba nama, sai fura da ruwan tsamiya, safe da yamma. Nonon awaki ya ƙafe, 'yan shanun garin kuma mahara sun kore su tun tuni. Zara'u tana tuna lokacin da ba haka abin yake ba. Da an gama girbi sai Fulanin Hammadu su sauka a gonaki, shanu su ci kara su bar taki, matansu su shigo gari da ƙore. Ƙwarya ta zo da nono, ta koma da gero. A wancan zamani dundumi sai dai labari.

Abin da ya raba su kuwa, in ka ji sai takaici ya kama ka. Maigari Mai Nasara, yayan marigayi mijin Zara'u, ya yi sunan jikansa, ya yanka rago, ya sa aka ajiye wa Hammadu akushin tuwo da nama a ƙofar gida, gaban taro. Hammadu ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Aka matsa masa, ya sake cewa ya ƙoshi. Aka ƙara matsawa, ya ɗauki sandarsa ya bar wurin. Nan take Mai Nasara ya rantse da Allah, saniyar Fulani ba za ta ƙara sa baki a kwamin shayar da dabbobi na rijiyarsa ba. Hammadu ya kora dabbobinsa arewa, wajen Issawane. Akushin tuwo ɗaya! A kansa gonaki suka gaji don rashin taki, yara suka manta ɗanɗanon nono, kuma babu namijin da ya iya buɗe baki ya ce a gyara.

Da safe Zara'u ta sami Mai Nasara a zaurensa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya, na zo kan maganar Hillani. Yarinyar can dundumi ya kama ta."

"Allah shi ba ta lahiya," in ji shi. "Amma ni na rantse."

"Na sani. Ni dai ban rantse ba."

"Mi za ki yi?"

"Tahiya za ni in nemo su."

Mai Nasara ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce mata hanya duk mahara ce, kuma tsohuwa irinta ko an kama ta ba mai fansarta. Ta ce ai wannan ma kwanciyar hankali ce, tunda ba wanda zai wahalar da kansa ya kama ta. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta fita.

Ta bar Zuhura a hannun maƙwabta, ta labta wa jakinta gero da wake da daddawa da busasshiyar yakuwa ta gamanarta, wato 'yar gonar da take nomawa ta kanta. Wani ayarin Buzaye da ya sauke gishiri ya ɗauki hatsi yana komawa arewa, sai ta bi ƙurarsu. Ba su gayyace ta ba, ba su kuma kore ta ba. Ta kwana a gefen zangonsu, washegari ta rabu da su, ta yi ta tambayar makiyaya har aka nuna mata wasu bukkoki a bayan tudun rairayi.

Rugar ba yadda ta san ta a da take ba. Shanun da ta sani masu sheƙi sun zama ƙashi da fata. Yara suna zaune a inuwar bagaruwa, ba mai wasa. Halimatu matar Hammadu, wadda a da take kawo mata nono har cikin gida, ta fito ta tarye ta da murmushi, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa. Ruwa kawai, ba ɗigon nono a ciki. A rugar Fulani wannan ya isa bayani.

Zara'u ba ta iya kwana-kwana ba. Ta kwance kaya a tsakar ruga, gaban kowa, ta buɗe bakin taiki.

"Ga hatsi na kawo muku, ƙawa. Na ga halin da kuke ciki."

Murmushin Halimatu bai gushe ba, amma ta kau da kai.

"Mun gode, ƙawa. Muna da shi. Mun ƙoshi."

"Kun ƙoshi? Da waɗanga yaran?"

"Alhamdu lillahi, mun ƙoshi."

Ran Zara'u ya ɓaci ƙwarai. Ta ratso daji, ta bar 'ya ba ido, a ce mata an ƙoshi? A ranta ta ce ashe Mai Nasara yana da gaskiya, mutanen nan girman kai zai kashe su. Ta jawo igiya ta fara ɗaure bakin taikin da ƙarfi kamar da shi take faɗa.

Tana cikin ɗaurin sai ta ji kukan jariri daga wata bukka, siririn kuka mara ƙarfi. Ta leƙa. Wata matashiya ce kwance, ta rame, ta sa jaririn a mama amma da gani ba abin da yake samu.

"Wacece wagga?" in ji Zara'u.

"Wata ce," in ji Halimatu, ba ta ko dubi bukkar ba.

Zara'u ta saki igiyar. Ta san wannan "wata ce". Ta san wannan wuya da yake ƙin juyawa alhali kunne duk yana can. Shekara da shekaru ita ma haka take yi. Aishatu ce, 'yar farin Halimatu. Matar da ba ta iya duban 'yarta a gaban baƙuwa, yaya za ta miƙa hannu ta karɓi sadaka a gaban dukan ruga? Ba raini ba ne. Kunya ce, irin wadda ita ma take ɗauke da ita, sai dai tasu ta haɗa har da cin abinci.

An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Zara'u ta ja Halimatu bayan bukka inda ba mai ganinsu, ta sa gwiwa biyu a rairayi.

"Ƙawa, na yi kuskure. Ba kyauta na kawo ba, roƙo na zo yi. Ɗiyata ta hwari tana da ciki, ido na son ya tahi." Sannan ta kama sunan. "Zuhura. Zuhura tawa. Ki taimake ni da nono don Allah."

Tunda take ba ta taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Halimatu ta rufe baki da hannu, domin ta san abin da uwa take sarayarwa kafin ta faɗi haka. Ta kama kafaɗarta ta tashe ta, su biyun ba mai iya duban wata.

Da suka natsa Zara'u ta ce, "Jakina ya gaji, ba ya iya komawa da kayan ga. A aje mini su nan. In kin ga ƙwari za su ci, gara mutane su riga su."

"Ajiya ba ta ɓata a ruga," in ji Halimatu.

Zara'u ta ce za ta je ta nemo wa jaki ciyawa. Babu ciyawa a wurin, ita ma ta sani. Ta dai ja shi ta yi nisa, ta zauna a bayan tudu ta juya wa ruga baya. Can sai ta jiyo turmi ya fara amsawa, luguden mata biyu, da sauri da sauri. Ba ta koma ba sai da hayaƙi ya kwanta.

Da yamma Hammadu ya dawo daga kiwo, matarsa ta gaya masa. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Inna, da akwai nono da kin tahi da shi. Nonon saniya a bakinta yake. Wadda ba ta ci ba, ba ta sha ba, mi za ta ba ki?"

"Ina da harawa tari guda bisa icce. Karan gamanata ban ƙone ba. Ka ba ni shanu su zauna gonata."

"Ruwa hwa? Maigarinku ya rantse."

"Wannan ka bar mini."

Hammadu ya miƙe ya shiga cikin garke. Daga bisani ya ware shanu huɗu masu maruƙa, ya ce shi da Halimatu za su kai su, amma ƙafarsa ba za ta wuce iyakar gamanar ba.

Labari ya riga su isa gari. Sun tarar da Mai Nasara tsaye a bakin rijiya da sandarsa, mutane sun kewaye shi. Zara'u ta bar shanu a gona ta zo ita kaɗai da guga da tulu.

"Na rantse, Zara'u," in ji shi.

"Yaya, rantsuwa tana da kaffara. Ido ba ya da ita."

Mai Nasara ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma ina, ga mutane suna kallo.

"Saniya dai ba ta zuwa nan. Ruwan da kika ɗauka bisa kanki kuwa naki na, ki sha ko ki zubar. Mu ga kwana nawa za ki yi."

Ya san abin da yake faɗa. Rijiyar Gidan Na Allah zurfinta gaba da yawa ne, in ka jefa guga sai ka yi salati kafin ka ji ya taɓa ruwa. Saniya kuma ba kaza ba ce, tulu guda kurɓa biyu take yi masa. Zara'u ta ɗaure ɗamara ta fara. Tun asuba tana ja, ta ɗauka, ta kai gona, ta dawo. Tafin hannunta ya sule, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Maza suna zaune a inuwa suna cewa tsohuwar nan ta haukace. Ba wanda ya tashi, kuma ni dai ban yafe musu wannan zaman ba.

Shanu suka ci harawa, suka sha ruwa, sannu a hankali hantsa ta fara nauyi. Ranar da Halimatu ta tatso rabin ƙwarya, Zara'u ta kawo ta gida a rungume, ta dama fura da ita ta dangwarar gaban Zuhura ta ce, "Ke, shanye." Da nono ya ƙaru aka kaɗa, aka sami man shanu, ya shiga miya. Kullum da magariba sai Zara'u ta ajiye ludayi a tsakar gida, ta zauna tana satar kallo. Kullum Zuhura sai ta taka shi ta wuce.

Wata safiya Zara'u ta zo rijiya ta ga mutum ya riga ta. Hawwa ce matar Dodo, ta jingine sandarta, tana laluben igiya.

"Jan guga bai son ido," in ji Hawwa. "Ke ɗauka, ni in ja. Kada ɗiyarki ta zama ni."

Daga ranar sai abu ya sake. Mace ɗaya ta kawo tulu, Halimatu ta zuba mata nono a ƙoƙo. Wata ta kawo damin harawa, ta koma da curin mai. Wata ta zo da gero a ƙwarya. Zara'u ta tsaya a kan tsarin, ba wasa: a gindin gawon gamanarta ake haɗuwa da hantsi, ƙwarya ba ta komawa babu komai, masu ciki da masu goyo su ake fara ba, kuma wadda ta sake ta ce wa Bafillata "ga sadaka" to ita da Zara'u ne. Hatsin da ya taru, Hammadu yakan ɗora wa jaki ya kai ruga, ya dawo da labarin cewa Aishatu ta tashi, jariri ya fara ƙiba. Matan ƙauyukan kusa suka ji, suka fara zuwa da kabewa da kuka. Har uwargidan Mai Nasara aka gani ta bi ta bayan danga da tulu a kai.

Mai Nasara ya ga duk wannan. Abin da ya karya shi ganin Hawwa ne, makauniya tana jan ruwa a rijiyarsa da tsakar rana don shanun da ya hana. Ya aika aka kira Zara'u.

"Ke da kika zauna da su, gaya mini gaskiya. Mi na yi wa mutumin ga ya ƙi tuwona gaban jama'a?"

"Na tambayi Halimatu. Ka tuna wani tsoho da ya zo da shi ran sunan, mai jan rawani?"

"Na tuna. Ni na zaunar da su tabarma guda."

"Uban Halimatu na. Surukinai. Yaya, kai ka taɓa cin tuwo gaban surukinka?"

Mai Nasara ya tuna da kansa. Shi da ko hanya ya hango uban matarsa sai ya cire takalmi ya ratse. Sai ya ce, "Shi ko ya hwaɗa mini mana."

"Da wane baki? Kai ma ba ka tambaya ba."

Washegari ya kira liman, aka gaya masa kaffararsa, ya ciyar da miskinai goma. Ya sa aka share kwami aka cika shi. Sannan ya aika wa Hammadu cewa yana roƙonsa ya zo zaure. Hammadu ya zo. Suka gaisa, ba wanda ya ta da tsohon zance. Aka shigo da akushi, wancan dai na ranar suna, aka ajiye a lungu. Mai Nasara ya tashi ya ce zai je ya duba doki, ya saki asabari a ƙofa, ya kori yaran da suke leƙe. Da ya dawo babu Hammadu, babu akushi.

A ranar, da magariba, Zara'u tana bakin murhu. Ba ta ajiye ludayin ba, ta gaji da ganin ana taka shi. Zuhura tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta fuskanci ƙofar gida, inda ake hango hanyar da ta fito daga gonaki. Kaji sun shiga akurki, liman ya riga ya kira salla.

"Inna, wa ke tahe can da akushi?"

Zara'u ta tsaya da muciya a hannu.

"Halimatu ta," in ji Zuhura. "Gidan Baba Maigari za ta. Ta cika shi da madara har tana zuba, dubi yadda take takawa sannu."

Zara'u ta ɗaga kai. Ita kanta da kyar ta hango wani ɗan fari yana motsi a cikin duhun. Daɗi ya cika ta. Ta so ta ruga ta rungume yarinyar, ta kira sunanta da ƙarfi kowa ya ji. Amma maƙwabta suna tsakar gida.

"To ke, tashi ki taya ta mana, kin zauna kina kallo," in ji ta.

Zuhura ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kewaye turmi, ta tsallake igiyar akuya, ta fita ba tare da ta miƙa hannu ba. Zara'u ta juya fuskarta wajen murhu. Da maƙwabciya ta tambaye ta abin da ya sami idonta, sai ta ce itacen ɗanye ne.